Abin da Ke Sa Tsohuwar Mota Ta Shaƙe Idan An Taka Totur

IKKO: Yawancin harkokin mahauta da fataken shanu na mayankar Oko-Oba da ke Agege a kan mota suke tafiya, tun daga ɗaukar nama da asuba zuwa kasuwanni har zirga-zirgar dillalai a kan babbar hanyar Ikko zuwa Abeokuta. Akasarin motocin nan kuwa na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo, kuma sun ci dogon zango tun kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa. Motar da aka shigo da ita daga Amurka da mil 150,000 a agogonta ta riga ta yi tafiyar kilomita 240,000 ke nan.

Ɗaya daga cikin matsalolin da suka fi damun masu irin waɗannan motoci ita ce shaƙewar inji na ɗan lokaci. Direba zai taka totur, motar ta yi turus na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sa'an nan ta fizga ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Da yake abin ba ya daɗewa, mutane da yawa sukan ƙyale shi. Amma daƙiƙa biyu na iya zama ajali ga wanda ya fito zai wuce tirela, kuma motar da ke shaƙewa sau da yawa takan sha mai fiye da kima. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara ta ƙara nauyi a aljihun 'yan kasuwa.

Injin fetur yana bukatar abubuwa uku a lokaci guda: iska, da mai, da tartsatsin wuta. A bisa ƙa'ida, kowane awo ɗaya na mai yana haɗuwa da kimanin awo 14.7 na iska ta fuskar nauyi. Da zarar an taka totur, iska mai yawa takan kwarara cikin inji nan take, don haka tilas mai ya ƙaru a daidai wannan lokaci. A motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 ta da, wani ɗan ƙaramin famfo ne ke fesa wannan ƙarin. A motocin zamani kuwa kwamfutar inji ce ke yin lissafin, bisa ga bayanin da take samu daga na'urar auna iska da na'urar da ke lura da buɗewar totur. Idan mai ya makara, ko wuta ta yi rauni, ko lissafin ya kuskure, sai inji ya shaƙe.

Matakin farko shi ne mai mota ya lura da lokacin da abin ke faruwa. Idan ƙarar inji ta tashi amma gudun mota bai ƙaru ba, to laifin na kuloci ne ko na giya, ba na inji ba. Idan shaƙewar tana zuwa da kakkarwa, musamman a kan hawa irin na gadar Pen Cinema, ko lokacin da aka yi lodi, an fi zargin ɓangaren wuta. Idan motar tana rasa ƙarfi ne yayin da gudu ya yi nisa, sai a dubi ɓangaren mai ko salansa. Idan kuwa matsalar ta soma ne jim kaɗan bayan an sha mai, to man shi ne abin tuhuma na farko.

Wannan batu na ƙarshe ba sabo ba ne ga mazauna Ikko. A watan Fabrairu na 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima daga ƙasar Beljiyam, abin da ya jawo koke-koke kan lalacewar motoci tare da dogayen layuka a gidajen mai na Ikko da Abuja. Har ila yau, da damina ruwa yakan samu hanyar shiga tankunan ƙarƙashin ƙasa, kuma man jarka na bakin titi ba shi da tabbas.

Mataki na biyu shi ne a jona wa motar na'urar binciken kwamfuta kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau duk suna da mahaɗin wannan na'ura. Lambar P0300 tana nufin inji yana tsallake wuta, P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0101 kuma tana nuni ga na'urar auna iska. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta yanke hukunci a kan abin da za a canja ba. Idan fitilar gargaɗin inji tana ƙyaftawa, wajibi ne a rage gudu a nufi gareji, domin man da bai ƙone ba yana lalata matatar hayaƙi.

Daga nan sai a bi gyara daga mai araha zuwa mai tsada. A soma da matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe, da robar da ke kai iska cikin inji, domin idan ta tsage takan buɗe a duk lokacin da inji ya motsa. A wanke bakin totur, a kuma fesa wa na'urar auna iska maganin da aka yi dominta kaɗai. Sa'an nan a cire fulogogi a duba. Fulogi na gama-gari yakan gaji a wajen kilomita 30,000, mai bakin iridiyam kuwa yakan kai 100,000. Idan ana zargin koyil, sai a sauya masa gurbi da na kusa da shi. Idan matsalar ta bi shi, an kama ɓarawon.

Ɓangaren mai ana auna shi ne da agogon auna ƙarfin mai. Idan allurar ta faɗi yayin da aka taka totur, to matatar mai ta toshe ko famfon ya gaji. Famfon yana cikin tanki ne, kuma man da ke kewaye da shi yana taimakawa wajen sanyaya shi, saboda haka ɗabi'ar yawo da ɗigon mai tana rage masa kwana. Abin da ake dubawa a ƙarshe shi ne matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Ba daidai ba ne a amince a fasa ta ba tare da an gwada an tabbatar da toshewarta ba, musamman da yake tana da kasuwa saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta.

Ga ɗan kasuwa, babbar asara tana cikin gyaran ka-cici-ka-cici, inda yau a sayi famfo a kasuwar Ladipo, gobe a sayi nozul, alhali laifin na robar iska ne. Ya kamata ya nemi makaniki ya nuna masa sakamakon gwaji kafin ya ba da kuɗin kaya, ya karɓi tsohon abin da aka cire, ya kuma riƙa rubuta kwanan wata da kilomitar kowane gyara. Mai shirin sayen mota ta hannu kuwa ya gwada ta da safe kafin inji ya yi zafi, ya sake gwada ta a kan hawa da kaya a ciki, kafin a yi ciniki.