Kirsimeti a Gidajenmu

Mu ɗalibai, bikin Kirsimeti yakan fara mana ne ran da aka gama jarrabawa, aka ɗaure akwatuna, aka nufi tashar mota. Mukan isa gida cikin hunturu, leɓe a tsage, ƙafa ta yi furu-furu, mu tarar an share tsakar gida, an yi wa ɗakuna sabon yaɓe, ga buhun shinkafa a jingine a ɗakin Mama. Sai mu ɗauka abubuwan nan da kansu suke zuwa, kamar yadda hazo yake zuwa. To, ba haka ba ne. Ran da muka sauke akwati, iyayenmu sun riga sun yi wata uku ko fiye suna cikin hidimar bikin. Abin da muke so mu duba a nan ke nan, wato yadda gidan mai bi yake shirya wa wannan rana, da wanda yake ɗaukar nauyinta, da abin da yake hana ta zama ranar cin shinkafa kawai.

Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, ko da Baba malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti, da wuya a ce ba shi da gona. Saboda haka lissafin bikin daga kaka yake farawa. In an yanke dawa, an cire gyaɗa, an sussuke masara, kafin a zuba a rumbu sai a keɓe na Ubangiji. Ranar godiyar kaka za ka ga gaban majami'a ya cika da damin dawa, da doya, da kwaryar acca, da kaji an ɗaure musu ƙafa suna ta kuka ana tsakiyar addu'a. Bayan wannan ne maigida zai zauna ya raba abin da ya rage: na ci har wata kaka, na iri, na sayarwa. Daga cikin na sayarwan nan ne ɗinkinmu zai fito, daga nan kuma kuɗin makarantarmu zai fito. Buhu ɗaya ne, masu jiransa biyu.

Nama kuwa, gidaje kaɗan ne za su iya kayar da sa su kaɗai, don haka akan yi watanda. Magidanta goma ko ashirin sukan haɗa kai, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya samu a hannun mutum ɗaya amintacce, sau da yawa dattijon ikkilisiya. Ana saura kwana biyu ko uku sai a je kasuwar shanu a sayo sa. In an yanka, a kasa naman kashi-kashi bisa ganye ko tabarma, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa, don kada wani ya ce an cuce shi. A wurare da dama ma sai a sa yaro ƙarami ya nuna wa kowa kashinsa, tun da yaro bai san son kai a rabon nama ba tukuna. Akwai wani abu kuma da baƙo ba zai lura da shi ba: iyayenmu da yawa sukan kira Musulmi ya yi yankan. Dalili, ba su kaɗai za su ci ba, suna so maƙwabci ya sa hannu a kwano ba tare da shakka a ransa ba.

Mata su ma suna da nasu shiri. Adashin da Mama take zubawa tun damina, takan roƙa a ba ta kwasar watan Nuwamba ko farkon Disamba. Da shi za ta sayi man gyaɗa, da fulawa da sukari na cincin, da atamfar anko ta Zumuntar Mata, in da saura ta yankar wa 'yan mata yadi. Sai rigimar tela. Wannan ba sai mun bayyana ba, kowa a cikinmu ya taɓa kwana a shagon tela ran jajibere yana gadin wandonsa.

Amma in ka tambayi dattawanmu abin da suka fi tunawa, ba za su ce maka nama ba. Za su ce maka sujadar gida. A gidan mai bi na sosai, bayan tuwon dare ba mai tashi. Akan jawo fitila tsakiya, ko a zauna gindin wuta saboda sanyi, Baba ya ce, "Kai ɗan makaranta, ɗauko Littafi." A sauran watanni ana karanta duk inda aka tsaya, amma in Disamba ta kama akan koma annabawa, a karanta Ishaya sura 9 da Mika sura 5, sa'an nan a shiga surori biyu na farko na Luka da na Matiyu. Su biyun nan ne kaɗai cikin masu bishara huɗu suka ba da labarin haihuwar. Mama ta ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi, kowa ya bi, mai murya da marar murya. Daga nan a yi addu'a ana ambaton mutane da sunansu: Yaya da ke aiki a Legas, Gwaggo da ba ta da lafiya, Kawu da ya daina zuwa majami'a.

A wajen karatun nan akan yi 'yar gardama mai daɗi tsakanin jikoki da kakanni. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da waɗansu. Da wannan fassara kakanninmu suka koyi karatu, da ita suka haddace ayoyi. Sabuwar fassara ta 1979 ita ce ta fi yawa a hannunmu. Sai ka ji ɗan makaranta ya ce Matiyu, Kaka ta ce, "Matta dai." Ya ce Yahaya, ta ce, "Yohanna, jikana, Yohanna." Ya karanta aya, ita kuma ta maimaita ta da ka da tsofaffin kalmomi, ba ta ko duba takarda. Mu da muke taƙama da Turanci, a nan mukan gane cewa akwai karatun da ba mu kai ba.

In aka karanta labarin a hankali haka, ba cikin hayaniyar wasan kwaikwayo ba, akan ga abubuwan da ba a zata ba. Littafi bai faɗi rana ko watan da aka haifi Yesu ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta yin bikin ran 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, a shekara ta 336, kuma har yau 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ran 7 ga Janairu suke nasu. Matiyu bai ce masanan da suka zo daga gabas su uku ne ba, kyautai ne uku: zinariya, da lubban, da mur. Bai kuma ce a garken dabbobi suka tarar da yaron ba, a gida ya ce. Amma wurin da ya kamata mu tsaya shi ne Luka 2:22-24. Da kwana arba'in suka cika, Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, abin hadayarsu kuwa tsuntsaye biyu ne, kurciyoyi ko 'yan tattabarai. Wanda ya duba Littafin Firistoci sura 12 zai ga ɗan rago Shari'a ta ce a kawo, tsuntsaye biyu sauƙi ne da aka yi wa wadda ba ta da halin rago. Wato gidan da muke yi wa biki, gidan talaka ne. Mutanen da suka yi tafiyar fiye da kilomita ɗari daga Nazarat zuwa Baitalami, suka kwantar da ɗansu a komin dabbobi, suka kasa sayen ɗan rago, ba su kuma ci bashi don su rufe wannan ba. Mun taɓa ji wani dattijo ya rufe Littafi a daidai nan, ya dubi 'ya'yansa da suke fushi a kan takalmi, bai ƙara ko kalma ba.

Ranar kanta, kowa ya san ta. Tun asuba matasa suna bi gida-gida da ganga suna waƙa, mata kuwa ba su ma kwanta ba. Majami'a takan cika har waje, domin waɗanda suke birni sun dawo, waɗanda kuma ba a gani sai shekara-shekara sun zo. Zumuntar Mata su shigo da ankonsu, da tulu da caki, 'yan Makarantar Lahadi su yi wasan makiyaya da bargon gidansu. Ko a ECWA ne, ko COCIN, ko EYN, ko Angilikan, ko Katolika, daga Wusasa zuwa Kagoro, daga Gindiri zuwa Garkida, da Hausa ake yawancin waƙoƙin nan, ko da yake kowace kabila tana da harshenta a gida.

Bayan an taso ne aikinmu na yara yake farawa, wato kai abinci. Mama za ta jera langa-langa da samira a ƙofar ɗakin girki, ta riƙa zubawa tana faɗin mai shi. "Wannan na gidan Fasto. Wannan na Inna mai ƙosai. Wannan na gidan Alhaji, ka ce ina gaishe da Hajiya, kada ka tsaya wasa a hanya." Takan fara da gwauraye da tsofaffin da ba su da mai dafa musu, kuma sai kwanonin waje sun fita kafin na gida su ci. Ba a mayar da kwano wofi, ko goro ko 'yan kuɗi sai an saka wa ɗan aike. Kwanon nan da ya tafi gidan Alhaji a Disamba, shi ne yake dawowa da naman layya ran Babbar Salla. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya sauya addininsa saboda ita. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, a nan kuwa ƙafar tamu ce.

Ba za mu ɓoye ba, a garuruwa da yawa hanyar kwanon nan ta yi nisa. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna na 2000, da na Jos na 2001, sun raba unguwanni, har mutanen da suka yi shekara ashirin katanga ɗaya suka koma sai an shiga mota kafin a ga juna. An ta da bama-bamai a Jos ran jajiberen Kirsimeti na 2010, aka kuma kai hari cocin Katolika na Madalla ran Kirsimeti na 2011. A gidaje da dama akwai kujerar da ba mai zama a kanta, in an zo addu'ar dare murya takan sarƙe. Duk da haka mun san iyayen da har yanzu sukan zuba abinci a kula, su ba ɗansu kuɗin mota, ya ƙetare gari ya kai wa tsohon maƙwabci. Waɗansu 'yan'uwa suna ganin wauta ce. Mu dai mun lura cewa yaron da aka aika irin wannan aike, da wuya ka ji yana zagin mutane a jimlace.

Saura maganar da ta fi shafarmu. A Disamba hatsi yana da araha, domin kowa ya kai nasa kasuwa a lokaci ɗaya. Manomin da ya sayar da buhu biyar don bikin kwana biyu, in damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, zai sayi hatsin nan da tsada, a daidai lokacin da yake neman kuɗin taki. Ma'aikaci kuma da aka biya albashin Disamba da wuri, sai ƙarshen Janairu zai sake ganin wani. Tsakanin nan ne makaranta take buɗewa. Kowace shekara in an koma zango na biyu akan sami gadon da ba kowa a ɗakin kwana, a yi mako biyu, a yi uku, wani ya dawo, wani shi ke nan. Ba duka ba ne saboda biki, akwai ciwo, akwai rashin amfanin gona. Amma akwai waɗanda kuɗin makarantarsu ya tafi a shadda da takalmi, da giyar da aka saya wa baƙi don kada a ce maigida ya gaza. Sau da yawa kuma mu ne muka matsa. Mu ne muka ce ɗan gidan wane an yi masa kala uku. Iyayenmu ba sa son su ga ɗansu ya sunkuyar da kai a majami'a, sai su sayar da abin da bai kamata ba, su yi shiru.

Akwai gidajen da suka sami dabara. Tun kafin a je kasuwa, maigida da uwargida sukan cire kuɗin zango na biyu su kai ajiya inda hannu ba zai kai ba, abin da ya rage shi ne na biki, ko kaza ɗaya ce. Waɗansu sukan zaunar da manyan 'ya'ya a yi lissafin a gabansu, buhu nawa aka samu, nawa za a ci, nawa ne na makaranta. Wanda aka taɓa zaunar da shi haka ya san nauyin abin. Za ka ji shi da bakinsa yana cewa, "Baba, a bar ɗinkin, rigar bara tana nan."

Ran 26 ga wata ma hutu ne, akan ci gaba da ziyara, a kai gaisuwa gidan surukai da na kakanni. Daga nan sai sujadar tsallake shekara, mutanen Kagoro kuma su shiga bikin Afan ran 1 ga Janairu. Kafin ka ankara an fara wanke kayan makaranta. Daren da za mu tafi akan sake jawo fitila, a wannan karo sunanmu ne ake ambata a addu'a. Da safe Mama za ta tura gwangwanin cincin da ta ɓoye a ƙasan akwati, da ɗan soyayyen nama a ƙulle. Baba kuma ya kira mu gefe, ya ƙirga kuɗin makaranta sau biyu, ya ce a sa a aljihun ciki, kada a fito da shi a tasha.