Allurar riƙe ciki: ba kowace mai zubar jini take yi wa amfani ba

A Nguru da Gashuwa da ƙauyukan gefen fadama, idan mace mai ƙaramin ciki ta ga ɗigon jini, sau da yawa shawarar farko ita ce a garzaya kemis a yi mata allurar riƙe ciki. Wata kuma ƙwaya za a ba ta, Duphaston, wata a ba ta Cyclogest na matsi. Duka dangin sinadari guda ne da likitoci ke kira furojestaron.

Jikin mace da kansa yake yin wannan sinadari. Bayan ƙwai ya fito a tsakiyar wata, gurbin da ya bari shi ke fitar da shi, ya sa bangon mahaifa ya yi kauri domin ciki ya sami wurin zama. In ciki bai shiga ba sai ya ragu, bangon ya zube, al'ada ta zo. In ya shiga, gurbin zai ci gaba da aiki har wajen mako 10, sannan mabiyiya ta karɓa. Saboda haka mutane suka ɗauka cewa ƙara shi zai hana kowane irin ɓari.

An gwada wannan zato. A 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Ingila mai suna PRISM, ƙarƙashin Jami'ar Birmingham, kan mata sama da 4,000 masu zubar jini a farkon ciki. Cikin waɗanda aka ba maganin, kashi 75 cikin ɗari suka haifi ɗa mai rai. Cikin waɗanda ba a ba su ba, kashi 72. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Inda aka ga amfani na gaske shi ne ga matan da suka taɓa yin ɓari a baya, musamman masu ɓari uku ko fiye. Shi ya sa a 2021 hukumar NICE ta Ingila ta ce a ba mace maganin idan tana zubar jini, ta taɓa ɓari, kuma hoton ciki ya tabbatar cewa cikin yana cikin mahaifa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa a wajenmu, kuma shi ne ke cin rai. Akwai cikin da ke zama a bututun ƙwai maimakon mahaifa. Yana farawa da ɗan jini kaɗan da ciwon mara, yawanci a gefe guda. Mace ta sha ƙwaya, a ce ta kwanta ta huta, kwana biyu sai bututun ya fashe, jini ya taru a cikinta ba a gani. Ta fara jiri, fatar idonta ta yi fari, ciwo ya haura kafaɗa. Wadda ke ƙauye, ga damina ta yanke hanya, kafin a kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin Gashuwa, ƙila lokaci ya ƙure. Babu allurar riƙe ciki da ke gyara irin wannan ciki.

Kuma kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko, matsalar daga halittar tayin take tun ranar da aka ɗauke shi. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin gida ba ne, ba hannun kishiya ba ne, magani kuma ba ya sauya shi. A yankin da sauro ke da yawa kamar namu, zazzaɓin cizon sauro ma yana zubar da ciki, wannan kuwa gwajin jini da gidan sauro yake buƙata.

Ita kanta allurar mai mai-mai da ake yi a ɗuwawu, wadda ake sayarwa da sunan Primolut Depot, sinadarinta ne hukumar magunguna ta Amurka ta janye wa izini a 2023, bayan bincike ya kasa nuna cewa yana hana haihuwar bakwaini. Turai ma ta bi sahu a 2024.

Akwai kuma Primolut N, ƙwayar da mata ke nema gab da azumin Ramadan ko tafiya aikin Hajji don jinkirta al'ada. Sunan ya yi kama da na allurar, amma ita haramun ce ga mai ciki a likitance, kuma ba ta hana ɗaukar ciki. Tana iya ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, balle ga mai ƙiba ko wadda za ta yi doguwar zama a jirgi. Mai ciwon hanta, ko wadda ta taɓa sankarar mama ko daskarewar jini, ta nisance ta. Waɗannan magunguna suna sa jiki riƙe ruwa, don haka a Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, mai ciwon ƙoda ko hawan jini ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.

Ko wadda likita ya rubuta wa tana iya jin barci, jiri, ciwon kai, nauyin nono da kumburin ciki. Na matsin kuma da kitse ake haɗa shi, zafin bazarar Nguru da kan haura digiri 40 yana narkar da shi, sai a nema masa wuri mai sanyi.

Maigida, idan iyalinka mai ciki ta ga jini, kuɗin da za ka kai kemis ka kai ta asibiti a ɗauki hoton ciki a ranar. Masu kemis kuma, don Allah, kada ku yi wa mace wannan allura sai da takardar likita.