Ampli ajin D ko mai fitila: wanne ya fi dacewa da ɗakin zama?

Mai neman ampli a kasuwar Katako ta Yamai, kasuwar Dole ta Damagaram ko cikin hotunan da ƴan kasuwa ke turawa ta WhatsApp yakan ci karo da iri biyu. Ɗaya ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, an rubuta masa "Class D". Ɗayan kuma yana ɗauke da ƴan kwalabe na gilashi masu haske ja, waɗanda masu gyara ke kira fitila, kuma farashinsa ya fi tsada. Kafin mutum ya zaro jikkunansa, ya kamata ya san aikin da kowane ke yi.

Yadda ajin D ke aiki

Aikin kowane ampli shi ne ya karɓi raunanan sauti daga waya ko rediyo, ya ƙara masa ƙarfin da zai motsa baf, wato lasifika. Tsofaffin ampli na ajin AB suna barin wuta tana ratsa taransistocinsu a kai a kai, shi ya sa kusan rabinta ke tafiya a zafi.

Ajin D ya bi wata hanya. Taransistocinsa makunnai ne da ke buɗewa suna rufewa sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, sannan wata matata ta tace abin da ya fito ya koma sauti. Da wannan dabara, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa baf. Harafin D ba ya nufin dijital, jerin suna ne kawai bayan A, B da C. Fasahar ma ba sabuwa ba ce: kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar da irinsa tun 1964, sai dai sautin na farkon bai gamsar ba. Yau shi ne a cikin wayoyi, telebijin da baf masu Bluetooth.

Me fitilar ke ƙarawa?

Fitila ta girmi taransisto. Ba'amurke Lee de Forest ya ƙirƙiro mai iya ƙara sauti a 1906, taransisto kuwa sai 1947. Ampli ruwa-biyu ya haɗa su ne: fitila a ƙofar shiga, taransisto a mafita. Ke nan ba fitilar ce ke tura baf ba. Nata aikin shi ne ta ɗan rina sautin, ta ƙara masa wasu amo masu laushi da kunne ke ji kamar ɗumi. Wasu na jin muryar Shata da kalangunsa, ko gurumin Mamman Barka, sun fi daɗi ta haka. Wasu kuma sun fi son su ji abin yadda aka ɗauke shi, ba ƙari. Wannan zaɓin kunne ne.

Abin da mai shago ba kasafai yake faɗi ba shi ne, ruwa-biyu da yawa masu araha ajin D ne a ciki, an ɗora musu ƙananan fitilu irin 6J1 a gaba. A wasu ma, hasken da ake gani na ɗan ƙwan LED ne da aka ɓoye ƙarƙashin kwalbar don ado.

Zafi, ƙura da wuta

A Nijar, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, abin da ke cikin mafitar ampli ya fi fitilar muhimmanci. Ƙaramar fitila irin 12AX7 wat 2 kacal take ci don ɗumama kanta. Amma idan mafitar ajin AB ce, akwatin zai yi zafi sosai, ya buƙaci iska, ga ƙurar hunturu tana toshe ramukansa. Fitila kuma tana tsufa, tana fashewa, samun madadinta a Tawa ko Maraɗi sai an yi saƙo. Kada wanda ba gwani ba ya buɗe akwatin, domin wuta mai ƙarfi kan maƙale a ciki ko bayan an cire waya.

Gidan da ke dogara da sola da batir idan wutar NIGELEC ta ɗauke, ajin D ne abokin tafiyarsa, tunda da yawa suna aiki kai tsaye da bolt 12 ko 24.

Kada lamba ta ruɗi mai saye

Kwali na iya ɗaukar "1000 W" alhali abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Lambar da za a nema ita ce wadda aka rubuta wa RMS, ba PMPO ba. Misali, ƙwaƙwalwar TPA3116 ta kamfanin Texas Instruments, wadda ke cikin ƙananan ampli da yawa, tana ba da wat 50 kowane gefe ne idan ta samu bolt 21 da baf mai om 4. A kan batir mai bolt 12, ba ta kai wat 20 ba. Hakan ma ya wadaci ɗakin zama.

Wanda kuɗinsa ke da iyaka, gara ya ɗauki ajin D mai kyau ya zuba ragowar a baf, domin baf da inda aka ajiye su sun fi ampli canza sauti. Ruwa-biyu na mai tsayayyar wuta ne, mai na'urar daidaita ta, wanda kuma ya ji launin sautin ya so shi. Ko wanne ne, mai saye ya je da waƙa ko karatun da kunnensa ya saba da shi, a gwada duka biyun a kan baf ɗaya da ƙarfin murya ɗaya, ya juya wa fitilar baya ya saurara.