Lasifika a wuraren ibada: Doka na nan a rubuce, ma'auni ne babu

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Nyanya, Kubwa, Lugbe ko Mararaba ya san lissafin barcinsa kamar yadda ya san lissafin albashinsa. In yana so ya isa Sakatariyar Tarayya kafin ƙarfe takwas, dole ya bar gida tun da duku-duku, kafin cunkoso ya toshe hanyar Keffi ko ta filin jirgin sama. Dawowa kuwa, sau da yawa sai bayan isha'i. Abin da ya rage masa na hutu awa biyar ne ko shida.

A cikin waɗannan 'yan awanni ne majami'ar da ke bayan katangarsa take fara addu'ar kwana a daren Juma'a, da ganguna da lasifika har gari ya waye. A cikinsu ne kuma wani masallacin yake kunna wa'azin da aka naɗa tun kafin ladan ya yi kiran farko, a bar shi yana tashi har a idar da sallah. Mai jego tana ji, tsohon da ke fama da hawan jini yana ji, ɗalibin da zai zauna jarrabawa da safe ma yana ji.

Da wuya a sami mai kai ƙara. Musulmin da ya yi ƙorafi a kan coci yana tsoron a ce ƙiyayyar addini ce, in kuwa masallacin unguwarsu ya taɓa, a ce imaninsa ya yi rauni. Kiristan ma haka. Sai kowa ya rufe taga ya haɗiye, alhali ƙasar nan tana da doka a kan wannan batu tun shekaru fiye da goma sha biyar da suka wuce.

Abin da doka ta tanada

A shekarar 2007 aka kafa Hukumar Tabbatar da Bin Ƙa'idojin Muhalli ta Ƙasa, NESREA, kuma dokar da ta kafa ta ta ba ta ikon tsara ƙa'idoji a kan hayaniya. A 2009 aka fitar da waɗannan ƙa'idoji. Sun raba yini gida biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6 na safe. Sun kuma sa wa kowane irin wuri iyakarsa da ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel. A unguwar da ta zama ta gidajen zama zalla, iyakar ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da shaguna, 55 da rana, 45 da dare. Kusa da asibiti ko ɗakin karatu, 45 da rana, 35 da dare.

A yadda aka rubuta dokar a 2007, mutumin da ya karya ƙa'idar hayaniya zai iya fuskantar tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Kamfani ko ƙungiya kuwa, har naira 500,000. Wannan naira 50,000 a yau ba ta kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba.

Masu kare lasifika kan kafa hujja da Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya bai wa kowa 'yancin addini, har da bayyana shi da yaɗa shi a fili ko a ɓoye, shi kaɗai ko tare da jama'a. Wannan gaskiya ne. Sai dai Sashe na 45 na kundin ya halatta yin dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci domin kare lafiyar jama'a, ko zaman lafiya, ko haƙƙin wasu mutane, muddin dokar tana da hujjar da za a karɓa a ƙasa mai bin dimokuraɗiyya. Ke nan tambayar da ke gaban kowace kotu ita ce ko iyakar da aka sa ta dace da cutarwar da ake son kawarwa.

Akwai kuma ƙofar da mutane da yawa ba su san da ita ba. A shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport a 1991, Kotun Ƙoli ta yanke cewa mazauna unguwa za su iya shigar da ƙara da kansu a kan abin da ke damun jama'a ba tare da jiran izinin Antoni Janar ba. Manyan motoci ne suka jawo waccan shari'a, amma ƙa'idar da ta kafa ta shafi duk wata damuwa irin wannan.

Me desibel ke nufi?

Ma'aunin desibel ba ya tafiya kamar mudu ko awon yadi. Ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, kunne kuma yana jin sa kamar ya ninka sau biyu. Hirar mutum biyu a ɗaki takan kai wajen desibel 60. Lasifikar ƙaho irin wadda ake ɗaurawa a kan rufi tana iya fitar da desibel 110 ko fiye a tazarar mita ɗaya. A fili, sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka. In aka bi wannan lissafi, gidan da ke nesa da ita da mita 60 zai riƙa samun fiye da desibel 70 a bakin tagarsa, a lokacin da doka ta ce kada a wuce 35.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin da ke cikin ɗakin kwana ya wuce desibel 30 in ana son barci mai kyau. Ta kuma danganta doguwar zama cikin hayaniya da rashin barci, hawan jini, ciwon zuciya da raunin fahimtar yara a makaranta. Mutum yana iya cewa ya saba, amma jikinsa yana ci gaba da amsa ƙarar ko da bai farka ba.

Darasi daga Legas da Kaduna

Jihohi biyu sun gwada hanyoyi biyu mabambanta. Legas ta bi ta ƙofar muhalli. Hukumarta ta kare muhalli, LASEPA, tana aiki da iyakar desibel 55 da rana, 45 da dare a unguwannin zama. A watan Yunin 2016 ta rufe majami'u 70 da masallatai 20, tare da otal-otal da gidajen shaƙatawa kimanin goma, ta kuma ce burinta shi ne Legas ta rabu da hayaniya kafin 2020. Wannan buri bai cika ba, domin har yanzu hukumar tana rufe wurare lokaci zuwa lokaci. Duk da haka, matakin bai rikiɗe ya zama rigimar addini ba, saboda sandar da ta daki coci ita ta daki masallaci, ita kuma ta daki gidan rawa.

Kaduna ta bi ta ƙofar wa'azi. A 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta aika wa Majalisar Dokokin jihar ƙudirin da zai maye gurbin dokar wa'azi ta zamanin soja ta 1984. Ƙudirin ya ƙunshi taƙaita amfani da lasifika da dare, amma ya haɗa da sharaɗin cewa sai mai wa'azi ya karɓi lasisi. Nan take muhawara ta bar batun ƙara ta koma kan wanda ke da ikon bai wa malami ko fasto izinin magana. Ƙungiyar majami'un Fentikos ta Najeriya ta garzaya kotu. Majalisa ta zartar da ƙudirin a watan Yunin 2019, a cikin watan kuma Babbar Kotun jihar ta ce tilasta wa masu wa'azi karɓar lasisi ya saɓa wa tsarin mulki.

Bambancin a fili yake. Dokar da ke auna ƙarfin sauti da lokacin da ya tashi tana da sauƙin karewa a kotu da kuma gaban jama'a. Da zarar ta fara tambayar wane ne ke magana ko me yake faɗa, ta shiga gonar da ba tata ba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A watan Mayun 2021, Ma'aikatar Harkokin Musulunci ta Saudiyya ƙarƙashin Abdullaɗif Al Sheikh ta umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama kaɗai, kuma kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, Ma'aikatar Addini ta fitar da takardar umarni a watan Fabrairun 2022 da ta sa iyakar desibel 100, ta kuma fayyace abin da za a sa a lasifikar ciki da abin da za a fitar waje.

A Indiya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shekarar 2000 a kan wata majami'a da maƙwabta suka kai ƙara, inda ta ce babu addinin da ya wajabta yin ibada ta hanyar hana wasu sakat da na'urar ƙara sauti. A 2005 ta hana amfani da lasifika a bainar jama'a daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ruwanda ta fi kowa tsanani: a 2018 an rufe majami'u kusan 700 a Kigali saboda dalilan gini, tsafta da hayaniya, an kuma hana lasifika a masallatan wani yanki na birnin.

Ghana ta nuna yadda kalma ɗaya kan ɓata lamarin. A 2018 ministan muhallin ƙasar, Kwabena Frimpong-Boateng, ya ba da shawarar a riƙa aika kiran sallah ta WhatsApp ko saƙon tes. Musulmin ƙasar da dama suka ɗauki maganar a matsayin raini, sai batun hayaniya ya nutse cikin cacar baki.

Inda gizo ke saƙar a Abuja

A Babban Birnin Tarayya, alhakin sa ido a kan hayaniya yana wuyan Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB. Amma ikonta ya tsaya a iyakar birnin. Mararaba da Masaka suna Jihar Nasarawa, Suleja da Madalla suna Jihar Neja, kuma a can ne dubban ma'aikatan tarayya suke kwana. Wanda ke aiki a Abuja yana barci a wata jiha bai san ma ofishin da zai dosa da kokensa ba.

Matsala ta biyu ta fili ce. Taswirar Abuja ta 1979 ta ware filaye na musamman domin wuraren ibada. Yayin da unguwanni suka cika suka batse, sai gidajen haya da shaguna da gareji suka riƙa komawa majami'u da masallatai, katanga ɗaya tsakaninsu da ɗakin kwanan wani. Idan Sashen Kula da Tsarin Gine-gine bai hana wannan sauyi tun farko ba, jami'in muhallin da zai zo daga baya ya tarar da aikin gama ya gama.

Ta uku ita ce gasa. In wani wurin ibada ya ɗaga lasifika huɗu, na kusa da shi sai ya ɗaga shida. Wannan ba tsakanin Musulmi da Kirista kaɗai yake faruwa ba. Yakan faru tsakanin masallatai biyu masu bambancin fahimta a layi ɗaya, ko majami'u biyu masu neman mabiya.

Ina mafita?

Addinan biyu ba su bar mabiyansu babu jagora ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana masu karatu a masallaci ɗaga murya a kan juna don kada wani ya cutar da wani. Babi na shida na Linjilar Matiyu ya yi gargaɗi a kan addu'ar da ake yi don mutane su gani. Lasifika kanta baƙuwa ce: sai a shekarun 1930 ta fara hawa hasumiyar masallaci, kuma hasumiyar Gobarau ta Katsina ta shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye kafin zuwanta.

Ga masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara, abin da ake buƙata bai kai sabuwar doka ba. Na farko, a bambanta gajeren kira da dogon shiri. Kiran sallah ko ƙararrawar coci mintuna kaɗan ne, kuma manufarsu ke nan su fita waje. Tafsiri, wa'azi, waƙoƙin yabo da addu'ar kwana kuwa na waɗanda suka halarta ne, lasifikar ciki ta wadatar da su. Na biyu, a bai wa jami'ai na'urar awo da aka tantance, a rubuta adadin da aka samu a gaban shugabannin wurin, a yi gargaɗi a rubuce kafin tara ko rufewa. Na uku, a ware darare sanannu, kamar goman ƙarshe na Ramadan, daren Mauludi, jajibirin Kirsimeti da daren shiga sabuwar shekara, a yi musu sassauci mai iyaka da kowa ya sani tun da wuri. Na huɗu, ma'aunin ya hau kan gidan biki, gidan rawa, mai tallar magani a mota da janaretan maƙwabci kamar yadda ya hau kan wurin ibada.

Majalisar Tuntuɓar Juna Tsakanin Addinai ta Najeriya, NIREC, wadda Sarkin Musulmi da Shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya suke jagoranta tare tun kafuwarta a 1999, ita ce ta fi dacewa ta fara furta wannan magana. In umarnin rage ƙara ya fito daga bakin liman da fasto, zai fi shiga kunne a kan takardar da jami'i zai liƙa a ƙofa. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kafin a kai can, akwai abin da kowane kwamitin masallaci ko na coci zai iya yi a daren yau ba tare da kashe ko sisi ba. Wani daga cikinsu ya taka zuwa gida na uku ko na huɗu a layin, ya tsaya a bakin taga da ƙarfe ɗaya na dare, ya saurari abin da maƙwabta suke ji, sannan ya dawo ya murɗa maɓallin gwargwadon abin da kunnensa ya gaya masa.