Yadda Samun Dattijo Ke Ƙayyade Kuɗin Inshorar Lafiyarsa a Amurka

Sanin kowa ne cewa idan shekaru suka ja, jiki kan yi rauni: jijiyoyin jini su yi tauri, ƙashi ya rage ƙwari, garkuwar jiki ta ja da baya. Wato ɗawainiyar magani takan yi nauyi daidai lokacin da ƙarfin nema ya ƙare. Wannan ne ya sa a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka domin masu shekara 65 zuwa sama.

Shirin yana da sassa. Wanda ya shafe mu a nan shi ne Sashen B, mai ɗaukar nauyin ganin likita da gwaje-gwaje. A bisa ƙa'ida, dattijo kan biya kimanin kashi 25 cikin 100 na kuɗin da sashen ke ci, gwamnati ta cika sauran. Amma tun daga 2007 aka ɗora wa masu hali ƙari, ta yadda rabonsu kan hau mataki-mataki, daga kashi 35 har zuwa 85, gwargwadon samunsu.

Alal misali, a 2025 talaka da matsakaici sun biya dala 185 a wata. Wanda samunsa na shekara ya haura dala 106,000, ko 212,000 ga ma'aurata, ya biya dala 259. Na ƙololuwa kuwa, dala 628.90.

Abu biyu ne ke shammatar mutane. Na farko, matakan ba su san sassauci ba. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna cewa jijiyar saƙo ba ta harbawa sai taɓin ya kai wani mizani, da ya kai kuwa sai ta harba gaba ɗaya. Haka nan, dala ɗaya tak a kan iyakar 2025 ta jawo ƙarin dala 74 kowane wata, wato 888 a shekara.

Na biyu, hukuma takan duba takardar harajin shekara biyu baya. Kuɗin 2025 an auna shi ne da samun 2023. Saboda haka wanda ya yi ritaya yana iya tarar da an caje shi bisa albashin da ya riga ya daina karɓa. Doka ta ba irinsa damar cika takardar SSA-44 domin a sake lissafi, haka ma wanda aka yi wa rasuwar abokin aure ko aurensa ya mutu. Amma ribar sayar da gida ba ta cikin uzurorin da ake karɓa.

Don haka, dattijon da ke shirin sayar da kadara ko cirar kuɗi mai yawa daga asusun ritayarsa, ya kamata ya fara duba inda iyakar take, domin cinikin bana sai shekara biyu gaba zai zo da takardar biya.