Ɗan sa-kai: ina aikinsa ya tsaya?

Ƙasar Dakoro tana da faɗi. Daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga can har fadamar Tarka, garuruwa da rugage suna da nisa da juna. Polis suna cikin birni. Jandarma su ne ke kula da karkara, amma ba su iya kwana a kowane ƙauye. In aka saci sa da dare, ko aka fasa rumbu, mai yiwuwa gari ya waye kafin su iso. Shi ya sa samarin wasu garuruwa ke tashi da kansu suna sintiri. Ana ce da su ƴan sa-kai, watau waɗanda suka sa kansu aikin, ba don albashi ba.

A Najeriya akwai ƴan sa-kai da hukuma ta sani. A Kano ana kiran wasunsu ƴan sandan sarauniya. Ana rubuta sunansu, a koya musu aiki, a ba su kaki, su yi aiki a ƙarƙashin ƴan sanda. A Katsina kuma, cikin watan Oktoba na 2023, Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da wata runduna ta samari sama da dubu ɗaya, don tsaron garuruwansu. Duka waɗannan suna da shugaban da ke tambayarsu abin da suka yi.

Akwai kuma waɗanda ba su da mai tambayarsu. A jihar Zamfara wasu ƴan sa-kai sun riƙa kama Fulani a kasuwa suna kashewa, ba bincike, ba alƙali. Waɗanda aka kashe wa dangi suka nemi bindiga, suka shiga daji. Ramuwa ta bi ramuwa. A shekarar 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudo jihar Maradi, aka sauke su a ƙasar Gidan Runji da Madarunfa. Mutanen Maradi ma suna da nasu tabon. A 1991, a garin Toda, rigimar gona da bisashe ta jawo aka kashe mutane sama da ɗari, yawancinsu mata da yara na makiyaya.

To, mene ne doka ta yarda ɗan sa-kai ya yi?

Yana iya zagaya gari da dare da fitila. Yana iya tada mutane in ya ga abin da bai yarda da shi ba. Yana iya gaya wa mai gari, mai gari ya kira jandarma. In ya tarar da ɓarawo yana cikin sata, yana iya riƙe shi, kamar yadda kowane ɗan ƙasa ke iya yi. Amma sai ya kai shi hannun hukuma nan da nan. Ba ya dukansa don ya amsa laifi. Ba ya ɗaure shi ya kwana a ɗaki. Ba ya cin tararsa. Ba ya riƙe bindiga in ba shi da takardar izini. Wanda ya doki ɓarawo har ya ji masa ciwo, shi ma alƙali zai tuhume shi, ko da kayan satar suna hannun ɓarawon.

Ɓarnar gona ba sata ba ce, kuma a nan ne aka fi yin kuskure a ƙasar Dakoro. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma: arewa da ita ƙasar kiwo ce. Da damana bisashe na hawa arewa, bayan girbi su sauko ta burtali. Kowace shekara hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki. In shanu suka shiga gona kafin ranar, dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun nuna hanya. Ana fara zuwa wurin mai gari da hardo, su duba ɓarnar, su sasanta, a rubuta takarda. In ba a daidaita ba, a je wurin sarki, daga nan sai alƙali. Ɗan sa-kai ba shi da ikon sarar dabba, ko ƙwace ta, ko dukan yaron da ke kiwo. Aikinsa a ranar shi ne ya hana mutane fita da kwari da baka, ya aika a kira shugabanni.

Garin da ke son kafa sintiri ya fara da taro a ƙofar mai gari. A zaɓi mutanen da aka san halinsu, masu sana'a, ba masu shaye-shaye ba. A sa manoma, a sa ƴan ruga, kada ƙungiyar ta zama ta ƙabila guda. A rubuta sunayensu a kai wa jandarma da hukumar gunduma, a ji abin da suka ce kafin a fara. A samu littafi guda, wanda ya yi karatun manya ya riƙa rubuta wa ya fita, wane dare, me aka gani, wa aka gaya wa.