Gudawa Ba Rage Ƙiba Ba Ce

Duk mai shiga kasuwar Jega ya san motocin nan masu lasifika a ka, masu tallar maganin basir da shawara da sanyi. A 'yan shekarun nan sun ƙaro sabuwar haja, wato maganin rage tumbi. Wani gari ne a ƙullin leda, wani baƙin ruwa ne a gorar lemun da aka sha aka yar, wani kuma shayi ne a kwali mai hoton siririyar mace, da rubutun da shi kansa mai sayarwar bai iya karantawa ba. Haka abin yake a Aliero lokacin kakar albasa da kuɗi ke yawo a hannun mutane, haka a Maiyama da ƙauyukanta. Matan da ba sa fita kuma dillaliya ke kai musu har ɗaka, ko a turo musu hotonsa ta WhatsApp. Alkawarin bai canzawa: "Wanga magani, Alhaji, kwana bakwai za ka sha shi. In tumbin ga bai zube ba ka dawo ka amshi kuɗinka."

Na ga yadda wannan alkawari ya ƙare da wata uwar 'ya'ya a unguwarmu. Ƙiba ta kai ta ga sallah a zaune, gwiwa ba ta ɗaukarta, ga hawan jini tana shan magani. Wata ƙawarta ta kawo mata irin wannan shayi ana tsakiyar bazara. Daren farko ta kwana zarya tsakanin ɗaki da bayi. Da ta koka sai aka ce mata, "Ki daure, Hajiya, kitsen ne ke narkewa yana fita." Ta daure, har ta ƙara yawan garin don aikin ya yi sauri. Zanenta ya fara yi mata yawa, kowa na yi mata barka. Kafin mako ya zagayo jiri ya kayar da ita a bakin murhu, fitsari ya ɗauke, sai a ranga-ranga aka kai ta asibiti aka yi ta ƙarin ruwa. Allah ya yi da sauran kwana. Tana dawowa gida ta ci ta sha, nauyin nan ya dawo cif yadda yake, sai bashin asibiti da ya hau kan maigidanta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmar nan ta "kitse na fita". Wane kitse? Kitse ba ya bin bayan gida ya fita. Jiki ne ke ƙona shi a hankali idan abin da mutum ya ci bai kai abin da ya kashe ba. Yawancin waɗannan haɗe-haɗe filasko ne da danginsa, ganyen da kakanninmu suka sani na wankin ciki. Aikinsa a babban hanji yake, alhali abinci ya riga ya tsotse tun a ƙaramin hanji. Ke nan tuwon ya shiga jini ya zauna, abin da ke zuba a masai ruwan jikinka ne da gishirinsa. Cikin gishirin nan akwai fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Idan ya yi ƙasa sai kasala da ɗaurewar jijiya, zuciya ta rikice da bugu, wani lokaci ta tsaya. Ga shi muna ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, gumi na ɗiba, gudawa na ɗiba. Ƙoda kuwa da ruwa take aiki, in ta rasa shi sai ta tsaya, kuma wankin ƙoda ba abin da talakan Jega zai iya ɗauka ba ne ko na wata guda.

Wasu ma ba su tsaya ga ganye ba. Akwai masu zuwa kemis su sayi Lasix, ƙwayar sa fitsari da likita ke bai wa mai kumburin ciwon zuciya, su sha don sikeli ya sauka. Akwai kuma shayi da kafso na ƙasashen waje da ake rubuta wa "ganye zalla", amma da hukumomin magunguna suka gwada sai aka sha samun sibutramine a ciki. Wannan ƙwaya ce da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda tana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ka duba mai hawan jini ya ɗura wa kansa ita safe da yamma bai sani ba. Kada kuma lambar NAFDAC ta ruɗe ka. Ana buga ta jabu, kuma ko ta gaske ce, lambar da hukumar ke bai wa yawancin magungunan gargajiya ba shaidar cewa maganin yana yin abin da aka ce ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wa ya taɓa tsayawa ya karanta?

Mu yi lissafi, tunda 'yan kasuwa ne mu. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Babban mutum yana ƙona 2,000 zuwa 2,500 a yini, mai jiki sosai ya ɗan haura haka. Ko da zai ɗaure bakinsa mako guda bai sa komai ba, kitsen da zai ƙone ba zai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. To mai cewa zai sauke maka kilo 10 a kwana bakwai, me zai sauke? Mutanen Aliero sun fi kowa sanin ɗori, daga nesa ake kawo musu masu karaya. Da wani zai zo ya ce yana haɗa ƙashin cinya a kwana uku, yara ma dariya za su yi masa. Amma ƙibar da aka shekara goma sha biyar ana tarawa, an yarda gorar ruwa guda za ta kwashe ta.

Wani abin takaicin, cikin matan da ke shan shayin nan yau akwai waɗanda da kuɗinsu suka sayi ƙibar. Gab da biki aka ɗura musu sha-ka-fashe don amarya ta ciko, ƙwayoyin dexamethasone da na sa cin abinci. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, sukari da hawan jini suka biyo baya. Wadda ta san har yanzu tana shan irin wannan ƙwaya kada ta yanke ta rana ɗaya da kanta, domin jikin da ya saba da ita yana iya faɗuwa. Ta je ta gaya wa likita gaskiya a rage mata a hankali.

To ta ina mai ƙiba sosai zai fara? Ta asibiti, ko da ƙaramin asibitin shan magani ne na kusa da gida. A auna nauyi da tsawo, a gwada jini da sukari. Ana raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau biyu: mai kilo 110 da tsawon mita 1.7 zai samu 38, alhali daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa a cuta. Wanda lissafi ke ba shi wahala ya yanki igiya daidai tsayinsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita ta wajen cibiya. In bakin bai haɗu ba, tumbin ya wuce ƙa'ida. Zuwa asibitin yana da muhimmanci don ba kowane cikar jiki ne kitse ba. Ƙafar da in an danna yatsa ke barin rami tana iya zama ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko allurar insulin, in ya rage abinci ba a daidaita masa magani ba, sukarin na iya faɗuwa ya sume. Mai juna biyu kuwa ba lokacinta ba ne. In abin ya fi ƙarfin asibitin Jega ko na Aliero ko na Maiyama, Birnin Kebbi ba nisa, ga Asibitin Sir Yahaya ga Asibitin Koyarwa na Tarayya.

Sannan kada ka sa wa ranka sauke duk ƙibar gaba ɗaya. Burin farko shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka a wata shida, wato kilo 6 zuwa 11 ga mai kilo 110, ƙasa da rabin kilo a mako. Kada a raina wannan. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan burin rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58. Wani da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2017 ya nuna kusan rabin masu ciwon sukarin da suka bi tsarin rage nauyi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya daidaita ba magani bayan shekara guda. Babu gudawa ko ɗaya a cikin wannan.

Wurin farawa mafi sauƙi shi ne abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kusan giram 50, ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Gorar lemun kwalba ta rabin lita ita kaɗai ta cinye wannan kason. Alhajin da ke zaune a rumfar buhunan albasa ko shinkafa daga safe zuwa magariba yana shan biyu ko uku, ga maltina in baƙo ya zo, ga shayin dare mai madarar gwangwani da ludayin sukari da rabin burodi. Ya daina waɗannan kawai ya koma ruwa, ya sha furarsa da kununsa da zoɓonsa ba sukari ko da ɗan kaɗan, zai ga canji kafin ya taɓa tuwonsa.

Daga nan sai kwano. Kebbi ƙasar shinkafa ce, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ta ƙara yawa a gidajenmu, har wani gidan sau uku ake cin ta a yini. Ba a ce ka bar ta ba. Mai cin malmala uku ya koma biyu, in ya saba ya koma ɗaya da rabi, ya cike gurbin da miyar ganye da kwaɗon zogale ko rama, da wake, da kifi, da kabeji da albasar da muke lodawa Kudu a manyan motoci. Tuwon dawa da na gero sun fi farar shinkafa riƙe ciki. Uwargida ta riƙa auna mai da cokali, domin babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mu kuwa tuttula shi muke yi daga galan. A rage dunƙule da gishiri saboda hawan jini. Kuma a daina wautar yini da yunwa sannan a zauna wa tire bayan isha'i a kwanta a kansa. Masu azumin Litinin da Alhamis ma, in buɗa-bakin ƙosai ne da soyayyen dankali da lemu, ladar tana nan amma tumbin ba inda za shi.

Motsa jiki ba ya buƙatar kayan 'yan ƙwallo. Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu, gwiwa za ta hukunta shi. Ya fara da tafiyar minti goma bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, ya riƙa ƙarawa har ta kai rabin awa sau biyar a mako. Ya bar hawa kabu-kabu zuwa masallacin da ake jin kiran sallarsa daga gida. Matar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida, ta karɓi tsintsiya da taɓarya daga hannun 'yar aiki wani lokaci. A hau sikeli sau ɗaya a mako, sikeli guda, da safe, a rubuta. Za a yi makonnin da ba zai motsa ba, wannan ba dalilin komawa wurin mai lasifika ba ne. Alluran rage ƙiba irin su Ozempic da ake ta zancensu suna aiki, amma da takardar likita, ga tsada, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsu. Wadda aka tallata maka a waya, ka ƙyale ta.

Dangi kuma ku ji tsoron Allah. Mutum ya fara saukewa kun dame shi da "lafiya kuwa?", mace ta ɗan faɗa kun ce mijinta ya kasa ciyar da ita, suruka na tura mata kwano tana cewa a ƙara. Ramar da ya kamata ta tayar muku da hankali ita ce wadda ta zo ba a neme ta ba, tare da yawan ƙishi da fitsari ko tari mai daɗewa, wannan a garzaya asibiti. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega da na jami'ar Aliero, ku da kuka san abin da fotashiyam ke yi wa zuciya, ku fara da iyayenku mata a gida. Wanda kuma yake da gorar nan ko kwalin nan a ɗakinsa yanzu, ya daina sha yau. In gudawa ta riga ta kama shi ya haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS ya yi ta kurɓa, in ya ga jiri ko fitsari ya ragu ko zuciya na fizga, ya ɗauki ragowar maganin ya tafi da shi asibiti don ma'aikata su ga abin da ya sha.